Shekarar da Na Maimaita Aji Uku

Duk lokacin da na wuce teburin mai shayi na tarar ana ɓare dafaffen ƙwai, sai na tuna cewa ni ne mutumin da ya taɓa zama ya faɗi jarrabawa da gangan saboda ƙwai. Mutane suna cewa ƙarni gare shi, ni a hancina turare ne. Kuma kada ka ɗauka ƙwai guda nake nufi, mai karatu. Rabi ne. Matar da ke raba mana abinci a makaranta da zare take yanka shi, ta ciji bakin zaren da haƙori, ta ja ɗaya bakin da hannu, ƙwan ya rabu biyu. Idan ka yi rashin sa'a hannunta ya karkace, abokinka ya tafi da gwaiduwar, kai a bar ka da farin da za ka iya hango rana ta cikinsa. To, a kan wannan na sayar da shekara guda ta rayuwata. Wautar tawa ce, amma ba ni kaɗai na ɗauke ta ba, shi ya sa nake son in ba ka labarin.

A unguwar Ɗan Iya gidanmu yake, tsohon ginin ƙasa da aka shafe wa fuska da siminti don kada ya ji kunyar maƙwabta. Akwai zaure, akwai darbejiya a ƙofa, a ƙarƙashinta kuma akwai kakana. Na ce akwai shi ne domin tun da na yi wayo a nan nake ganinsa, shi da kujerarsa ta katako da rediyonsa mai ɗaure da roba. Tsohon hedimastan firamare ne. Kowa Malam yake ce masa, har Babana da ya haifa. Ni kaɗai ke ce masa tsoho idan ina neman tsokana, shi kuma ya ce mini sarkin ciki. Ya ce ranar da aka haife ni ungozoma ba ta ji kuka ba, tambaya ta ji, wai an sauke tukunya?

Malam ya koyar da rabin garin nan. Idan muna tafe a hanya sai ka ga mota mai baƙin gilashi ta tsaya, wani ƙato mai tumbi ya fito ya durƙusa, ya ce Malam ne ya koya masa rubuta sunansa. Malam ya sa masa albarka, ƙaton ya koma motarsa ya nufi GRA, mu kuma mu ci gaba da taka sayyadarmu. Fanshonsa yana zuwa kamar ruwan farkon damina, a yi wata a gani, a yi wata a yi ta kallon sama. Kuɗin sallama kuwa, wanda ake ba ma'aikaci dunƙule idan ya ajiye aiki, tun ban iya tafiya ba ake cewa yana hanya. Lokaci zuwa lokaci sai a yi shela a rediyo cewa tsofaffin ma'aikata su je a tantance su, wato su je su nuna cewa ba su mutu ba. Malam ya goge babbar rigarsa da dutsen guga na gawayi, ya fita da sassafe, ya dawo bayan la'asar ƙafafunsa a kumbure. Inna, wato mahaifiyata, ta tambaye shi yaya aka yi, ya ce, "An ce ina da rai. An ce kuma a ƙara haƙuri." A gidanmu, "an ce" shi ne abincin da ba ya taɓa ƙarewa.

Duk da haka muna ci muna sha, domin Baba kafinta ne mai rufin kwano, kuma hannunsa yana da kyau. Sai da na shiga aji uku abin ya faru. Wani ɗan kwangila ya ɗauke su rufin sababbin azuzuwa a wata makarantar gwamnati ta wajen Gubi. Katakon da Baba ya taka ya karye, ya faɗo ta ƙugu a kan tulin bulo. Aka kawo shi gida a keke mai ƙafa uku bayan an sallame shi daga asibiti, mutum huɗu suna riƙe da shi kamar za a shigar da sabon kabad. Ɗan kwangilar ya zo dubiya sau ɗaya da ledar lemo da ayaba, ya ce Allah ya kiyaye gaba, za a duba lamarin. Ni na cinye ayabar, don haka zan iya shaida cewa diyyar Baba tana da zaƙi, sai dai ba ta kai yamma ba.

Malam bai yarda a bar maganar haka ba. Shi mutum ne da ya yi imani da doka kamar yadda wasu suka yi imani da maganin gargajiya. Ya ce akwai tanadin da gwamnati ta yi wa duk wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ya sake goge babbar rigar, ya yi ta hawa benen ofisoshi da gwiwoyinsa masu ƙara. Ranar da ya gama zagayen ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba, bai shiga ba. Ya ce an yi masa bayani, tanadin na waɗanda kamfani ya rubuta sunansu a matsayin ma'aikatansa ne, shi kuwa Baba aikin yini yake yi, a biya shi da yamma a rabu. "Dokar tana nan," in ji Malam, "kuma mai kyau ce ƙwarai. Ba ta san ka ba ne kawai." Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Daga ranar zoɓon da Inna ke ƙullawa a leda ya zama shi ne babban ma'aikacin gidanmu.

A daidai wannan lokaci ne makaranta ta zama mini Aljannar duniya. Gwamnati tana ciyar da 'yan firamare, amma daga aji ɗaya zuwa aji uku kawai. Wanda ya yanke wannan hukunci ban san shi ba, wataƙila a gidansu yaro yana daina jin yunwa da zarar ya shiga aji huɗu. Kafin a kaɗa ƙararrawar tara za ka ji ƙarar baro a bakin ƙofa, mata masu farar hula suna turo manyan kuloli. Daga nan karatu ya ƙare. Ko Malama tana bayanin abin da zai cece mu ranar gobe ne, hancinmu ya riga ya fita ta taga. Yau shinkafa da wake, gobe dafa-duka, jibi alale, ranar Laraba kuma rabin ƙwan nan. Ni kwanon da nake zuwa da shi, in da za a kifa mini shi a ka, har kafaɗa zai rufe.

'Yan aji huɗu kuwa sai su jeru a tagoginmu suna leƙe, su yi zuru kamar an zo jana'iza. Ba na mantawa, ni ne shugaban masu yi musu gwalo. Nakan ɗaga cokali a hankali, in zagaya da shi ta gaban hancinsu, sannan in kai baki ina lumshe ido. Rannan ina cikin wannan aiki sai wani dogo daga cikinsu ya ce, "Ci da kyau, ƙanena. Saura zango ɗaya ka dawo nan kusa da ni." Wallahi sai na mayar da cokalin cikin kwano. Tun da nake ban taɓa kawo wa raina cewa cin jarrabawa yana iya zama masifa ba.

Na kwana biyu ina nazari, na fito da dabara wadda a lokacin na ɗauka ko gwamna bai isa ya yi irinta ba. Zan faɗi jarrabawar ƙarshen shekara, a bar ni a aji uku. Matsalar ita ce ina da ƙoƙari. Jikan Malam ba shi da zaɓi, tun kafin in shiga makaranta yake sa ni karanta allunan shaguna. Don haka sai da na yi aiki tuƙuru. A lissafi duk inda amsa take bakwai na rubuta ɗari tara. Aka tambayi dabbar da ke ba mu madara, na rubuta kwaɗo. Aka ce a kawo abubuwa uku da ake yi da ruwa, na ce ɗinki, aski da kiran sallah. Na fito daga ɗakin jarrabawa ina taƙama kamar wanda ya ci kofi.

Malamar ajinmu Kirista ce daga kudancin jiha, doguwa, mai ɗan gicciye a wuya da muryar da ke kaiwa bakin titi. Ranar ba da sakamako ta kira ni gaban tebur, ta kama kunnena ta murɗa har sai da na hango garinsu. Ta ce, "Ni za ka yi wa shaƙiyanci? Aji huɗu za ka, ko kana so ko ba ka so." Ta haɗa takardun amsoshina ta ce in kai wa kakana, ta san shi, shi zai yi maganina.

Na shiga gida ina kuka da majina. Inna ta saki ledar zoɓo ta ce, "Innalillahi, faɗuwa ka yi?" Na ce a'a, wucewa na yi. Ta dube ni ta dubi sama, ta ce ita kam yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, in je wajen Malam.

Yana zaure saboda yayyafi. Ya sa tabarau, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.

"Sarkin ciki, ashe kwaɗo ne ke ba mu madara?"

"Wani kwaɗon, Malam."

"Na ina?"

"Na dam ɗin Gubi. Ba ka taɓa shiga can ciki ba ne, tsoho."

Na ga gefen bakinsa ya motsa, amma bai bari dariyar ta fito ba. Ya ce, "Ko akuya aka ba wa takardar nan ta yi canki-canka, za ta dace da amsa ɗaya. Kai ko ɗaya ba ka dace ba. Sai wanda ya san amsa yake iya kauce mata haka. Faɗa mini, me ka tsana a aji huɗu?"

Na yi niyyar in ƙara wata ƙaryar, sai bakina ya riga ni. Na ce, "Ba a ba su abinci."

Ɗakin Baba yana jikin zauren, labule ne kawai a tsakani. Na ji gadonsa ya yi ƙara, irin ƙarar da yake yi idan ya juya fuskarsa bango. Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na tsaya ina jiran bulala, domin a zamaninsa an ce har iyayen yara tsoron dorinarsa suke yi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ninke takardun ya sa a aljihu, ya ce in je in wanke fuskata.

Dogon hutun nan na damina shi ne mafi tsawo da na taɓa gani. Ruwa kullum, ɗaki yana yoyo, hatsi ya yi tsada, kuma wa zai sayi zoɓo mai sanyi ana wannan ruwa? Abincin rana ya koma garin kwaki, daga baya garin ma ya fara yin ruwa-ruwa har kana iya ganin fuskarka a kwano. Malam dama yana azumin Litinin da Alhamis. A hutun nan na lura makonsa ya canja, ba sauran Talata ko Asabar a cikinsa. Idan Inna ta kai masa kwano sai ya ce yana azumi, a ba sarkin ciki. Ni kuma, Allah ya yafe mini, in karɓa in cinye, har in ce masa ya dage, lada yana da yawa.

Ranar da aka koma makaranta na fito na tarar da shi tsaye cikin babbar rigar nan, ta sha guga. Ya ce tare za mu tafi. Na ce shi ke nan, ya tara mini ne tun watan jiya, a gaban taron ɗalibai zai sa a zane ni. A hanya na yi ta karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Malama tana ganinsa ta taso da sauri ta rusuna. Ashe a ƙarƙashinsa ta fara aikin koyarwa tana budurwa, shi ya sa ita Baba take ce masa. "Baba hedimasta! Da kanka? Ai da ka aiko na zo." Ta goge masa kujera da gefen zaninta. Suka gaisa, ya tambayi maigidanta da yara, ta tambayi mai jiki. Sai ya zaro takarduna daga aljihu ya shimfiɗa a teburinta.

"'Yata, alfarma na zo nema. Yaron nan a bar shi a aji uku."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga bai yi ba sai ta ce, "Baba, yaron nan ya fi wasu 'yan aji biyar karatu. Da gangan ya yi, ka fi ni sani."

"Na sani."

"To, don me za mu biye masa?"

Malam ya dubi kwanon da ke rataye a jakata, ita ma ta bi idonsa ta duba. Sai ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce, "Baba, ga wata hanya. Ya tafi aji huɗunsa. Idan an fita tara ya zagayo nan, ni zan sa a zuba masa. Ba wanda zai sani."

Ni dai a raina na ce wannan mata waliyyiya ce. Amma Malam ya girgiza kai. "Da ƙidaya ake kawo abincin nan. Idan ya ci ba da sunansa ba, rabon ɗan wani ya ci. Ban yi haka ina aiki ba, ba zan fara da tsufana ba." Ya ɗora yatsa a kan kwaɗona. "Takardarsa ta ce ya faɗi. A bi takarda. Wannan ba wanda aka cuta."

"An cuci yaron, Baba. Shekara guda ce fa."

"Shekarar zan iya mayar masa da ita a zaure," in ji shi. "Abincin ne ba ni da shi."

Ban taɓa jin Malam ya ce ba shi da wani abu a gaban bare ba. Malama ta juya tana gyara allin da ba ya bukatar gyara. Sannan ta ce in je in zauna a tsohon bencina. Da zai fita sai da ya dafa bango. Ni kuwa, don ka san irin kan da nake da shi a lokacin, murna nake yi. Har na leƙa tagar 'yan aji huɗu na yi wa tsofaffin abokaina gwalo.

Makon farko masu abinci ba su zo ba. Ba wanda ya damu, dama sukan makara a farkon zango. Mako na biyu ma shiru. Muka riƙa zuwa da kwanoninmu, idan an kaɗa tara mu jeru a baranda muna kallon ƙofa, ƙananan su yi ta kiɗa da cokula har a kore mu. Duk baron da ya wuce a titi sai mun miƙe, ko da na mai sayar da rake ne. Aka ce kuɗin ne ba a saki ba. Aka ce ana tantance masu dafawa. Aka ce sai an gama wani taro. Rannan ina dawowa gida na ga matar nan mai zare a bakin hanya tana sayar da awara, a cikin kular da take kawo mana shinkafa. Na gaishe ta na ce yaushe za su dawo. Ta ce, "Ɗana, idan ka ji ka zo ka faɗa mini."

Zaman ajin kuwa ba a magana. Na fi kowa tsawo, gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin benci. Duk abin da Malama za ta rubuta na san shi, har inda za ta yi tari na sani. Ta naɗa ni mai rubuta sunayen masu surutu don kada in haukace, alhali duk ajin ba wanda ya kai ni surutu. Abokaina na da suna wucewa da sababbin littattafai suna kirana kakan aji.

Kullum na dawo Malam yana ƙarƙashin darbejiya. Ba ya ce mini sarkin ciki kuma. Zai rage muryar rediyo ya ce, "Sun zo?" In ce ba su zo ba. Ya mayar da muryar. Haka muka yi ta yi har aka fara girbi, sai wata rana na dawo bai tambaya ba, kuma bai sake tambaya ba. Gara mini ya yi ta tambayar.

Ya koma makarantar sau ɗaya, shi kaɗai, ya roƙi a mayar da ni aji huɗu. Malama ta shige masa gaba har ofishin hedimasta. Aka ce an riga an tura sunayen kowane aji can sama, sai dai a jira ƙarshen shekara. Inna ta ce da ya dawo abin da ya faɗa kawai shi ne, "Daidai ne. Haka tsarin yake." Washegari bayan la'asar ya kira ni zaure. Ya samo guntayen alli, ya mayar da bayan ƙofar zauren allo, ya fara koya mini karatun aji huɗu. Bai fasa ba ko ranar da ya dawo daga tantancewa da kumburarrun ƙafafu. Yana rubutu, ni ina hamma, cikinmu duka biyu yana ƙugi, kowa yana yi kamar na ɗan'uwansa ne.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare. Waɗanda muka fara tare sun gama bara, wasu har sun shiga jami'ar da ke Gubi, suna zuwa unguwa da jaka a kafaɗa ɗaya suna ce mini yaro. Baba yana tafiya da sanda, yana gyaran kujeru da tagogi a ƙofar gida, bai sake hawa rufi ba, diyya kuma ba wanda ya ƙara ambatonta. Malam yana nan da ransa, sai dai yanzu ni nake raka shi tantancewa a keke, in riƙe masa hannu a layi cikin tsofaffin da suka koyar da masu tantance su. Har yau idan rediyo ya ce an ware wani sabon tallafi ga talakawa ko an fito da sabon tsarin ilimi, yakan kara kunne ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce tsarin yana da kyau. Ni na gaji da ji, shi bai gaji ba, ko kuma ya gaji ya daina nunawa. Maganar aji uku kuwa ba mu taɓa yin ta ba, ko cikin wasa, alhali ba abin da ba ma tsokanar juna a kansa.

Shekarar nan dai haka ta ƙare, ko ƙwayar shinkafa ba a kawo ba. Na yi na ɗaya, aka wuce da ni. Ba a daɗe da komawa sabon zango ba, muna cikin darasi, na ji ƙarar baro a bakin ƙofa. Masu abinci sun dawo, daga aji ɗaya zuwa aji uku. Ina aji huɗu.